Sau Ɗaya Ake Amfani da Shi

Abdulhalim bai taɓa kai littafi ƙarshe ba tun da ya bar makaranta, amma in ya tsinci magana a waya, to ta zauna ke nan, ko malamin unguwa bai isa ya ja da ita ba. A wayar ya samo dokar da ya share ɗakin goggonsa da ita. Wai duk abin da aka shekara ba a yi amfani da shi ba, ba a bukatarsa, a fitar da shi. Na ji shi da kunnena yana karanta wa matarsa Hamida da Faransanci, sannan ya juya ta Hausa da ƙarfi don tsohuwa ta ji. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a unguwar Yalwa, nan cikin Garwa ta Kamaru, kuma katangar ko kafaɗata ba ta kai ba. Don haka kada wani ya tambaye ni inda na samo labari.

Ofishinsu ne ya mayar da shi Maruwa. Ya je tasha ya taya babbar mota, da ya ji kuɗinta ya dawo yana fifita da hula, ya ce ƙaramar ma za ta yi in an rage kaya. Ni ban ga laifin mutum ya auna aljihunsa ba. Duk wanda ya taɓa tashi daga gida ya san yadda tarkace ke fitowa daga ƙarƙashin gado. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne ɗakin da aka fara ragin a cikinsa, wanda kuma a cikinsa aka gama.

Goggo Zenaba yayar ubansa ce. Uwarsa ta rasu a kan gwiwa, ita ta karɓe shi. Allah bai ba ta nata ba, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raine shi har ya zama mai ɗaura agogo. Halimu take ce masa, shi kuma in abokan aikinsa suna wurin sai ya yi kamar ba da shi ake ba.

Wata Asabar da hantsi ya fito tsakar gida da gajeren wando yana tafa hannu kamar mai korar kaji.

"Goggo, yau za mu rage kaya. Mai mota da nauyi yake lissafi."

Turminta ya fara nunawa da ƙafa.

"Wannan, yaushe rabon a daka wani abu a ciki?"

"Ƙugu ne ya hana ni, Halimu. In na ji sauƙi…"

"Shekara ta wuce ko ba ta wuce ba?"

"Ta wuce."

"Wala, shi ke nan. Waje."

Kaskon suyar ƙuli ya bi turmi. Da aka zo kan randa dokar ta ɗan yi tuntuɓe, domin ko da safen nan Goggo ta sha ruwa a cikinta. Amma mai wayo ba ya rasa hanya. Ya ce a Maruwa akwai firij, wa zai ɗauki laka ya haye da ita bene? Akuyarta guda ya ce akuya ba ta hawa matakala, ya kira mahauci, kuɗin kuma ya ce na kwalaye ne da salatif. Gadonta na ƙarfe mai rumfa, wani mai sayen ƙarafa ya kwance shi ya loda a amalanke. Goggo ta koma tabarma. Abdulhalim ya ce ai likitoci ma sun tabbatar kwanan ƙasa ya fi wa baya lafiya. Shi dai katifarsa mai kauri tana jingine an naɗe ta da leda, bai nemi lafiyar bayansa ba.

A ɗaya gefen Hamida ta baje kayan kabad ɗinta a kan darduma, farantan tangaran da kofuna masu bakin zinariya waɗanda tun ranar da aka jera mata su ba su san ɗanɗanon ruwa ba. Tana naɗe su ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin jaridu. Na leƙa ta kan katanga.

"Hamida, waɗannan kofunan an sha wani abu da su bana?"

"Haba Adda Mariyama, ai waɗannan na ado ne."

"Ashe dokar ba ta shiga ɗaki mai labule."

Ta yi murmushi ta ci gaba da naɗi. Hamida ba muguwa ba ce, ba ta kai nan ba. Irin matan nan ce da in ana yanka mutum a gabansu, abin da zai dame su kada jini ya taɓa musu zane.

Duk wannan Goggo ba ta ɗaga murya ba. Sai da aka zo kan adaka.

Tsohuwar adakar ƙarfe ce, fentinta ya koɗe, kuma babu wanda ya girma a gidan nan bai san abin da ke cikinta ba. Likkafaninta ne. Goggo ta yi tarin kuɗin kujerar Makka shekara da shekaru, makarantar Halimu ta cinye. Ɗan abin da ya rage ta damƙa wa wata maƙwabciya mai tafiya, ta ce ta sayo mata farin yadi ta tsoma mata shi a zamzam. Haka aka yi. Takan ce, "In ban je ba, ai mayafina ya je." Duk shekara bayan Babbar Salla takan fito da shi ta shanya a inuwa ya sha iska, ta sa masa kafur, ta linke ta mayar. Na sha taya ta kama gefe ɗaya. A kusurwarsa ta ɗinka ɗan koren zare, don kada ranar da aka rikice a musanya mata da na kasuwa.

Da ta ga Abdulhalim ya nufi adakar sai ta ja jiki ta zauna a kanta.

"Halimu, gado ya tafi, akuya ta tafi, na yafe. Wannan kam ƙafata ƙafarsa."

"Goggo, ki duba nauyin ƙarfen nan. Kuma abin da ke ciki shekara nawa yana kwance? Kin taɓa amfani da shi?"

Ta yi dariya har da rufe baki, ta ɗauka tsokana ce irin ta ɗa da uwa.

"Ɗan nan, shi wannan ai sau ɗaya ake amfani da shi."

Shi bai yi dariya ba. Ya ce ajiye irin wannan a ɗaki ma kamar aika wa mutuwa goron gayyata ne, mutum ya riƙa kyautata wa Allah zato. Da ya ga ba ta da niyyar tashi sai ya sauko.

"Bon, to. Ba na ce a bar shi ba. Adakar ce matsala. Ki ba ni yadin in sa a jakar kayana, can zai jira ki."

Ban iya haƙuri ba, na ce daga kan katanga, "Goggo, ki ba ni in ajiye miki mana."

Ta girgiza kai. "Mariyama, inda zan mutu can ya kamata ya jira ni. Kuma ai hannun ɗana ne."

Da hannu biyu ta miƙa masa. Da hannu ɗaya ya karɓa, ɗayan yana riƙe da waya. Kafin la'asar mai amalanke ya dawo ya ɗauki adakar.

Ranar tashi tun da safe Goggo ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa suna, ta fito ta zauna a dakalin ƙofar gida da butarta da ƙullin tufafinta. Ta bi maƙwabta ta yi sallama, ta nemi gafarar kowa, har da yaran da take kora daga gindin mangwaro. Ana ta lodi. Kujeru suka hau, katifa ta hau, kabad ya hau, kwalin kofuna masu bakin zinariya aka ba shi wuri na musamman inda ba zai girgiza ba. Da aka ɗaure igiya, Hamida ta shiga gaba da 'yarsu Ummi a cinya. Abdulhalim ya zo ya tsuguna a gaban tsohuwa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, sai na san akwai magana.

"Goggo, kin ga motar nan ta cika. Hanyar Maruwa duk ramuka ce, ga rana. Gidan kuma bene ne, ƙafarki ba za ta iya ba, ɗaki ma bai wadata ba. Bari mu daidaita. Ƙarshen wata zan zo da ƙaramar mota mai sanyi in ɗauke ki ke kaɗai."

Ashe ya riga ya gama magana da mai gidan haya, za a bar ta a tsohon ɗakin girki kafin sababbin 'yan haya su kankama. Ya ajiye mata 'yar shinkafa a leda da ƙullin sukari. Ya waiwayo gare ni ya ce, "Adda, ga amana nan." Amanar da ba a nemi shawarata a kanta ba, ba a kuma tsaya jin amsata ba.

Mota ta tashi. Goggo ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sa a sauka lafiya." Wallahi wannan addu'ar ta fi komai ƙona mini rai. Da zagi ta yi da na ji sanyi.

Wanda ya san zafin Garwa kafin saukar ruwa ya san abin da ake nufi da ɗakin girki mai rufin kwano, bango baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Nan ta shimfiɗa tabarma. Ina kai mata abinci ta kan katanga, in ce ta dawo wurina, ta ce a'a, kada Halimu ya zo ya tarar ba ta inda ya bar ta. Ƙullin tufafinta ko kwance shi ba ta yi ba. Duk ƙarar motar da ta tsaya a layi sai ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Wata ya mutu, wani ya tsaya. Sababbin 'yan haya suka tare, wani ma'aikaci ɗan Kudu mai suna Dimitri da matarsa Gaëlle. Ba sa jin Hausa. Suka tarar da tsohuwa a ɗakin girkinsu, suka rasa yadda za su yi da ita. Gaëlle ta riƙa girki a waje cikin rana don kada ta tashe ta, tana kuma zuba mata. Wata rana ta zo ƙofata, da guntun Fulatancin da ta tsinta a kasuwa ta tambaye ni, "Wannan uwar wa ce?" Matar da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ita ce ke tambayata uwar wa muka yar. Ranar na ce wa maigidana Malam Usmanu ko dai Goggo ta dawo ɗakina ko ni in koma ɗakin girkin. Ya ce ai da ma ni yake jira in faɗa.

A wurina jikin ya fara saki. Ƙafafu suka kumbura, tari ya kama ta, tuwo ya koma kunu, kunun ma sai da lallashi. Ta daina tambayar yaushe Halimu zai zo. Tambayarta ta koma guda ɗaya, safe da yamma: "Mariyama, an aiko da yadin nan?"

Na riƙa kiran waya. In ya ɗauka, yau yana cikin taro, gobe shugabansu ya zo daga Yawunde, jibi ruwa ya ɓata hanya. Da na ce to ya ba direban motar haya saƙon, sai ya ce jakar tana can ƙasan kaya ba a kai gare ta ba. Mutumin da ya rage kaya har ya rage uwarsa, wai kaya sun yi masa yawan da ba zai iya gano jaka ɗaya ba. Wani lokaci Hamida ke ɗauka, ta ce, "Wayyo Goggo, Allah ya ba ta lafiya, wallahi kullum muna maganarta," sannan ta tambaye ni ko kifin Binuwai ya yi araha in aiko musu da busasshe. Da na miƙa wa Goggo wayar ta yi magana da shi da kanta, ya ce, "Goggo, ki daina wannan maganar, ke da za ki ga auren Ummi." Ta ce to. Da ya kashe ta daɗe tana riƙe da wayar a kunne.

Wata safiya na shiga na tarar tana shafa tabarma a gefenta, inda adaka ke zama a da. Ta ce, "'Yar nan, ba mutuwar nake tsoro ba. Ina tsoron ta zo ta same ni ba shiri, kamar baƙuwa a garin mutane." Na fita na gaya wa Malam Usmanu gobe zan je Maruwa.

Mai babur ya sauke ni a ƙofar gidan da azahar, a unguwar Domayo. Benen da aka ce ƙafar Goggo ba za ta iya ba hawa ɗaya ne, da 'yan matakalar da akuyarta ma da gudu za ta haye. Hamida ta tarbe ni da murna ta gaske, ta rungume ni, ta shiga zagayawa da ni in ga gida. Ga ɗakinsu, ga na Ummi. Ta buɗe na uku, ɗakin da aka ce bai wadata ba, cike yake da kwalayen da babu komai a cikinsu. Ta ce Baban Ummi ya ce a adana su saboda tashi na gaba.

Ta zaunar da ni a falo ta kawo ruwa. Na miƙa hannu zan ajiye kofi a kan teburinta na gilashi, sai hannuna ya tsaya. An rufe teburin da wani farin ƙyalle, bakinsa a yage ba a ko kalmashe ba, da zoben shayi a tsakiya. A kusurwar da ta sauko wajen gwiwata ga ɗan koren zare.

"Hamida, mene ne wannan?"

Ta kalli ƙyallen, ta kalle ni, ta shiga murza yatsu.

"Wallahi Adda, ni ba ruwana. Ranar lodi mai mota ya ce gilashin zai fashe in ba a naɗe shi ba, da talabijin, da madubin kabad. Barguna kuma tsada. Shi ne Baban Ummi ya ce ga yadi nan zaune ba ya aikin komai."

"Kin san ko mene ne?"

"Ya ce za a saya mata sabo."

"Na ce kin san ko mene ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ta sani.

Na ce ta fito mini da sauran. Ɗaya yana kan talabijin yana tare ƙura. Ɗaya an rufe madubi da shi, duk jikinsa sawun salatif. Wani yana ƙasa a kan sirdin babur ɗin maigida don kada rana ta fasa masa fata. Na ƙarshe a ɗakin girki na tsinto shi da kaina, ya zama tsumman sauke tukunya, manja ya rina shi, gefe guda wuta ta lasa.

Ina cikin tattarawa Abdulhalim ya shigo cin abincin rana. Ya ga abin da ke hannuna, ya ɗan tsaya, sannan ya zare takalmi a natse.

"Adda, da kin kira ai da ba ki sha wahalar hanya ba. Fari ai fari ne. In lokaci ya yi kasuwa cike take, ni zan saya, wanda ya fi wannan ma."

"Na kasuwa ya je Makka?"

"Wannan duk al'ada ce. Ki tambayi malamai, aiki ne ke bin mutum kabari, ba yadi ba."

"Gaskiya ne. Kai wane aikin ka tanada?"

Ya ɓata rai. Ya ce ni ban san abin da tashi yake ci ba, ban san nawa teburin nan yake ba, da ya fashe wa zai biya? Ya ce shi mutum ne mai tsari, ba ya tara abin da ba ya amfani. Ya ce kuma duk abin da ya yi don iyali ya yi, Goggo ma ai iyali ce. Na tsaya ina kallon bakin nan da aka ciyar da kuɗin ƙuli-ƙuli yana ta zuba. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a tsakiyar falon nan ba, da agogonsa da ƙamshin turarensa.

Ina sauka matakala ya leƙo ya ce, "Ki gaishe ta. Ki ce mata ƙarshen wata."

A mota na yi ta saƙa da warwara. Na ce ko in tsaya kasuwa in yanki sabo, in ɗinka koren zare in kai mata. Amma hannun da ya shekara da shekaru yana linke abu ba a yi masa wannan wayon, kuma ƙaryar da aka yi mata ta isa haka. Na wanke ƙyallayen, abin da zai fita ya fita, manja da ƙuna suka ƙi. Washegari da hantsi na kai mata, na zauna na gaya mata komai.

Ba ta yi kuka ba. Idonta ya riga ya yi rauni, da hannu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta kai hanci ta nemi ƙamshin kafur, babu. Ta lalubo koren zaren ta riƙe. Sannan ta shiga aunawa da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yadda ake auna yadi. Likkafanin mace yana cin yadi, ga zane, ga riga, ga ɗankwali, ga mayafan da za a naɗe ta. Babu ƙyalle ɗaya a ciki da zai rufe ta daga kafaɗa zuwa gwiwa.

"Ranar da aka miƙo mini Halimu," in ji ta, "ko tsumma babu a jikinsa, kowa ya tafi wajen gawar uwarsa. Zanen da ke jikina na yaga biyu na naɗe shi." Ta shafa wurin ƙunar. "Teburin dai bai fashe ba ko?"

Na ce bai fashe ba.

"To, madalla."

Ta ware mai koren zaren ta ce wannan zai isa ɗankwali, a rufa mata kai da shi, ko kan ya samu. Sauran ta tattara ta ƙulle, ta ba ni saƙon da zan faɗa wa Halimu in ya zo. Ta sa na maimaita har ta tabbatar na riƙe.

Ba ta ƙara mako ba. Da safe ta cika, ina riƙe da kofin kunun da ba ta sha ba. Malam Usmanu ya je kasuwa ya yanko yadi, matan layi kowa ta kawo abin da ta iya, har Gaëlle ta zo da sabulu da turare ta tsaya a bakin ƙofa tana hawaye. Ni da wata dattijuwa muka yi mata wanka. Na ɗaura mata ɗankwalinta da hannuna, na juya zoben shayin ta ciki. Kafin azahar maza sun kai ta sun dawo.

Bayan la'asar sai ga ƙaramar mota mai sanyi ta tsaya a ƙofar gida. Motar da aka yi wa Goggo alkawari ta iso. Abdulhalim ya fito da farar shadda yana kuka da ƙarfi, har sai da mutane suka riƙe shi. Aka ba shi tsakiyar tabarma a gindin dogon yaro, shi ne mai karɓar gaisuwa. Hamida ta shigo cikin gida ta faɗa jikina tana cewa sun yi rashin uwa.

Kwana uku yana zaune ana ba shi haƙuri. Ranar sadaka, bayan an shafa addu'a, ina daga zaure na ji muryarsa yana ba dattawan unguwa labari.

"Goggo mace ce mai shiri. Tun ina yaro likkafaninta yake ajiye, daga Makka, an tsoma shi a zamzam. Irinsu sun ƙare."

Dattawa suna cewa Allahu Akbar. Malam Usmanu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ja mayafi na ɗauko ƙullin, na fito na durƙusa a gefen tabarma na gaida maza. Ba al'adata ba ce shiga zaman maza, amma saƙon mamaci ba ya jiran al'ada.

"Abdulhalim, ga saƙon Goggo. Ragowar likkafanin nan ne da kake magana, wanda ka yayyaga ka naɗe tebur." Na kwance bakin ƙullin yadda kowa zai ga manjan da ƙunar. "Ta ce a ba ka ka ajiye. Ta ce kada ka ga an shekara ba a taɓa shi ba ka zubar. Irin wannan sau ɗaya ake amfani da shi, kuma kowa da ranarsa."

Liman ya kalli ƙyallayen, ya kalli Abdulhalim, ya kawar da kai. Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu a wannan karon, don idanu sun yi yawa. Ya ɗora a cinya. Mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu ko hannu ba su ba shi ba.

Da yamma suka yi sallama, wai gobe akwai aiki. Na tsaya a zaure har motar ta fita layi. Na ce a raina ko ba komai yau ya tafi da abu ɗaya na Goggo, zai buɗe jaka wata rana ya gani.

Da muka zo naɗe tabarmi, sai ga ƙullin a gindin dogon yaro, an tura shi bayan saiwa an ɗora masa dutse don kada iska ta tona. Ya sake rage kaya.